Laftof Ko Kwamfutar Tebur: Wace Ce Ta Fi Rage Ɓacin Rai A Bauchi?

Cikin mako guda mutum biyu suka kawo mini tambaya iri ɗaya, kuma amsar da na ba kowannensu daban ce. Na farko ɗan yayata ne. Ya gama bautar ƙasa, ya tara ɗan abin da ya tara, yana so ya buɗe shagon buga takardu a Gwallameji, inda ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya suka yi yawa. Ya ce, "Kawu, laftof biyu zan saya ko destof?" Ta biyu malamar sakandare ce, matar maƙwabcina a Fadaman Mada, wadda ta gaji da kai sakamakon jarrabawar ɗalibanta kafe ana buga mata da kurakurai. Ita ta hannun maiɗakina ta aiko da tambayar.

Na daɗe ina cin abinci da kwamfuta a garin nan, na yi aiki da ta tebur, na yi da laftof, kowacce ta taɓa sa ni dafe kai. Shi ya sa ba na fara duba ƙarfin na'ura idan an nemi shawarata. Ina fara tambayar mutum ne a ina zai zauna, awa nawa zai yi a gabanta, kuma wace irin wuta ce a unguwarsu.

Da wutar za mu fara, don ita ce uwar matsalolin. Wanda ya taɓa buga shafi goma sha biyar na furojet, mai furojet ɗin yana tsaye a kansa yana cewa malaminsu zai bar ofis ƙarfe biyu, sai fanka ta tsaya, allo ya yi baƙi ƙirin, ya san abin da nake nufi. Kwamfutar tebur ba ta da numfashin kanta, ana ɗauke wuta take mutuwa kamar an hure fitila. Laftof kuwa ko gezau, iyakacinta hasken allo ya ɗan ragu ka ci gaba da aikinka. A wannan fanni babu ma gasa tsakaninsu.

Masu kwamfutar tebur za su ce ai akwai UPS, ɗan akwatin batirin nan da ke riƙe na'ura idan an ɗauke wuta. Akwai, amma a san iyakarsa. Ƙaramin UPS ɗin da aka fi sayarwa, mai 650VA, batir ɗaya ne a cikinsa mai 12V da 7Ah. Aikinsa ya riƙe ka 'yan mintuna, ka adana abin da ka rubuta, ka kashe na'ura cikin mutunci ko ka ruga ka tayar da janareta. Ba a yi shi don a ci gaba da aiki a kansa ba. Batirinsa na dalma ne, ba ya shiri da zafi, kuma cika shi da zuƙe shi sau biyar a yini yana saurin gama da shi. Wata rana sai a ɗauke wuta ka ji ya yi ƙara sau ɗaya ya mutu tare da kwamfutar da aka ɗora masa tsaronta. Kuskuren da na fi gani a shaguna shi ne jona firinta mai tona a jikin UPS. Irin wannan firinta tana zuƙar wuta mai yawa lokacin da take zafafa abin da ke manna tona a takarda, ƙaramin UPS ba ya iya ɗauka.

Ga ɗan lissafi ga mai tunanin sola ko inbata. Batir mai 12V da 100Ah, a takarda yana ɗauke da wat 1,200 na awa guda. Idan na dalma ne, rabinsa ya kamata ka sha in kana so ya yi ƙarko, ga kuma abin da inbata ke ci da kanta, sai ya rage maka wajen 500. Laftof da ake taifin a kanta tana shan wat talatin ko ƙasa da haka, wato za ta kai ka awa goma sha biyar ko fiye. Tsohuwar kwamfutar tebur da allonta, a ce wat 120, awa huɗu ke nan ka tashi. Batir ɗaya, caji ɗaya, amma ɗaya ya yi yini biyu yana aiki, ɗaya ko azahar bai kai ba. Kafin Mayun 2023 mutane ba su cika damuwa da wannan lissafi ba, don ana ɗauke wuta sai a ja igiyar janareta. Tun da aka cire tallafin fetur lita ta ninka ta sake ninkawa, kowane wat ya zama kuɗi. A ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, mai laftof yana iya saɓa jakarsa ya kai wa mai cajin waya ko wani ɗan'uwa mai sola. Mai kwamfutar tebur ko dai ya ƙona fetur ko ya rufe shago.

Akwai kuma wutar da ke zuwa ba ƙarfi, wadda ƙwan fitila ke yin ja kamar garwashi. Juya cajar laftof ɗinka ka karanta, za ka ga an rubuta 100-240V. Ma'ana ko wuta ta yi ƙasa sosai tana iya caji. Yawancin tsofaffin kwamfutocin tebur ba su da wannan haƙuri, sai su yi ta mutuwa suna tashi, dole sai da sitabilaiza. Wasunsu ma suna da wani ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. Yaro mai ƙiriniya ya tura shi zuwa 115, kana kunnawa za ka ji fas, sai hayaƙi.

Sai dai duk wannan yabo da nake wa laftof ya dogara ne a kan batir mai rai, kuma yawancinmu tokumbo muke saya, wadda wani ya shekara huɗu ko biyar yana aiki da ita a Turai ko Amurka. Na taɓa sayen wata a hannun wani mai shago, ya ce mini batirinta awa huɗu ne. Na dawo gida, minti ashirin da biyar ta yi. Laftof mai mataccen batir ta haɗa aibin gida biyu: tana mutuwa da ɗaukewar wuta kamar ta tebur, ga ƙaramin allo. Hanyar ganewa tun a shago ba wuya. A buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a rubuta powercfg /batteryreport, Windows za ta fitar da rahoto mai nuna abin da batirin ke ɗauka ranar da aka ƙera shi da abin da yake iya ɗauka yanzu. Idan na yanzu bai kai kashi saba'in cikin ɗari na asali ba, a cire kuɗin sabon batir daga ciniki. Bayan an saya kuma, abin da ya fi cin batirin litiyam shi ne zafi da zama a cike maƙil kullum. Yawancin laftof ɗin Lenovo da Dell da HP na ofis suna da wurin da ake umartar caji ya tsaya kafin batir ya cika, misali a kashi tamanin. Mai sola da ke barin caja a jone yini guda, wannan saiti nasa ne.

Da an zo maganar zafi da ƙura sai reshe ya juya da mujiya. Garin nan daga Maris zuwa farkon damina rana ba ta wasa, a ɗakin kwano mara silin kuwa sai wanda ya zauna. Laftof komai nata a matse yake, fanka ɗaya ƙarama da 'yar taga siririya da iska ke fita. Ƙurar hunturu tana taruwa a bakin wannan taga ta zama kamar auduga, to bazara na shigowa sai na'ura ta fara huci, ta rage gudun kanta don kada ta ƙone, wani lokaci ta mutu ba sallama. Mutane sai su ce bairos ne. Sau da yawa ƙura ce kawai, da man da ke tsakanin furosesa, wato guntun da ke yi wa na'ura tunani, da ƙarfen sanyaya ta wanda ya bushe. Ɗora ta a kan katifa ko filo, kamar yadda ɗalibai ke yi a hostal, toshe mata hanci ne. Ita kuwa ta tebur cikinta fili ne. Kusoshi biyu za ka kwance, ka fitar da ita tsakar gida, ka riƙe fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa, ka busa mata bulowa, an gama. Mai shago yana iya yin wannan da kansa duk wata, laftof kuwa sai an kai wa mai gyara ko a yi kasadar karya wani abu.

Haka ma wajen gyara. Kibod ɗin kwamfutar tebur ya lalace, ka shiga Wunti ka sayo wani da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ka dawo ka ci gaba da aiki. Allo ya mutu, ka ari na maƙwabci kafin ka sayi wani. Fawa fak, wato akwatin da ke raba wuta a cikinta, ta ƙone, a canza ta ita kaɗai. A laftof kofin shayi ɗaya ya kife a kan kibod yana iya gangarawa har kan bod, wato babban faifan da komai ke jone a kansa, kuma gyaran bod sau da yawa ya kusa kuɗin wata na'urar. Ga shago inda hannu goma ke taɓa kibod a yini, wani da maiƙon ƙosai, wani yana dukan maɓalli kamar yana fushi da shi, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Wanda ya zaɓi laftof duk da haka, ya nemi irin waɗanda aka yi don ma'aikatu: ThinkPad, Latitude, EliteBook ko ProBook. Jikinsu ya fi ƙwari, kuma da yake su suka cika kasuwar tokumbo, batirinsu da allonsu da cajarsu ba sa wuyar samu, in babu a Bauchi a aiko daga Kano ko Jos.

Nauyin aiki, wato ka danna abu ka zauna kana kallon ɗan da'irar nan yana juyawa, wannan ciwo ne da bai san laftof ko destof ba. Kusan kullum tushensa ɗaya, tsohuwar ma'adana mai faifai da ake kira HDD. Faifai ne na gaske a ciki yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da ɗan hannu mai bin sa yana karatu. Sabuwar ma'adana da ake kira SSD ba ta da abin da ke motsi, tana ninka HDD gudu sau da yawa, musamman wajen tashi da buɗe manhajoji, kuma ba ta tsoron girgizar Keke Napep ko acaɓa. Na'urar da ke ɗaukar minti uku kafin ta tashi, a sa mata SSD sai ta tashi kafin ka gyara zama. Ban san wani gyara da ke sauya halin kwamfuta kamar wannan ba. Kowacce za ka saya, ka tsaya a kan SSD da RAM, wato wurin da na'ura ke riƙe aikin da ke buɗe, 8GB aƙalla. Da 4GB, ka buɗe Chrome da Word tare ka ga yadda za ta yi ta ja da ƙafa.

A nan ne kuma ake yi wa rogo kallon kitse. Mai shago zai nuna maka tambarin Core i7, wato sunan furosesar da ke ciki, a jiki yana murmushi, kai kuma ka ji ka samo babba. Tambayi zamaninta. Lambar da ke bin sunan ita ke faɗin gaskiya: i7-3520M zamani na uku ce, ta 2012, mai ƙwaƙwalwa biyu, alhali i5-8250U zamani na takwas ce, mai ƙwaƙwalwa huɗu, kuma ta fi ta gudu nesa ba kusa ba. Wannan lamba ta ƙara muhimmanci tun 14 ga Oktoba, 2025, ranar da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 yadda ya saba. Windows 11 a hukumance tana neman Intel zamani na takwas zuwa sama, ko Ryzen 3000 zuwa sama da wasu daga cikin Ryzen 2000 a ɓangaren AMD, da guntun tsaro na TPM 2.0. Masu gyara suna da dabarar cusa ta a tsofaffin na'urori, tana kuma aiki, amma ni ba zan ba da kuɗina yau a kan zamani na shida ko na bakwai ba sai in arahar ta kai araha.

Saura jiki, wanda ba a tuna shi sai ya fara ƙorafi. An haɗa allon laftof da kibod ɗinta wuri guda, don haka in hannunka ya ji daɗi wuyanka na sunkuye, in ka ɗaga ta don wuya ya huta hannu ya rataye. Awa ɗaya ko biyu ba komai. Awa takwas kullum, wata shida, za ka fara jin wani abu na ja daga ƙeya zuwa kafaɗa. Ga allon inci 14, wanda a masu araha ɗigogin haskensa 1366 a kwance da 768 a tsaye ne kawai, sai ka yi ta matse ido kana neman layin da kake a Excel. Allon tebur mai inci 22 da 1920 da 1080 yana ba ka damar ajiye takardar da kake kwafa a gefe, wadda kake bugawa a gefe. Saman allon ya yi daidai da idonka ko ƙasa kaɗan, nisansa kamar tsawon hannu. Mai laftof zai iya samun rabin wannan sauƙi da kuɗi kaɗan: kibod da maus na waje, sai a ɗora laftof ɗin a kan bandir biyu na takardar A4. Ni haka na yi shekaru, ba kyan gani amma wuyana ya gode.

Ido kuwa, ko wace na'ura ce, mai kallon allo yana rage ƙiftawa ba tare da ya sani ba, in aka haɗa da busasshiyar iskar hunturu sai ka ji kamar an zuba maka yashi. Likitocin ido suna ba da shawarar duk minti 20 a ɗaga kai a kalli wani abu mai nisan kamar mita shida na daƙiƙa 20. Kada a zauna taga tana haska allo, kada kuma a ƙure hasken allo cikin ɗaki mai duhu bayan an ɗauke wuta. Ƙara girman rubutu ba tsufa ba ne.

Sauran abubuwan ba sa buƙatar dogon bayani. Laftof tana zuwa da Wi-Fi da kyamara, ka kunna hotspot na waya ka shiga intanet, ita ta tebur sau da yawa sai an saya mata ɗan abin kama Wi-Fi ko a jona waya da kebul. A kowacce, ka shiga saitin Wi-Fi ka nuna wa Windows cewa datar a ƙidaye take, in ba haka ba sabunta kanta za ta yi da datar da ka saya ta wata guda. Sata kuma laftof ta fi shafa, don jaka ɗaya ce. Google Drive yana ba da 15GB kyauta, ya ishi takardun shekaru. A Word, adanawar gaggawa tana zuwa ne a kan minti goma, a mayar da ita minti ɗaya ko biyu, sannan yatsa ya saba da Ctrl da S kamar yadda ya saba da carbi. Mai buga Hausa ya sani Windows tana da kibod ɗin Hausa a saitin harshe, da ɓ da ɗ da ƙ, ba sai an yi ta kwafo su daga wata takarda ba.

Akwai ta uku da mutane ba su cika tambaya ba, kuma ita na nuna wa ɗan yayata. Ƙananan kwamfutocin tebur ne da ba su wuce girman littafi mai kauri ba: OptiPlex Micro, EliteDesk Mini, ThinkCentre Tiny. Da caja irin ta laftof suke aiki, yawanci mai wat 65, don haka sun gaji haƙurinta da wuta mara ƙarfi da kuma ƙarancin cinta. Da allon LED, wat arba'in zuwa hamsin ya ishe su aikin taifin, wato batirin nan na lissafinmu zai kai su awa goma. Kibod da allo daban suke, a canza wanda ya lalace. Ana iya ɗaure su a bayan allo ko a kulle a durowa. Aibinsu ɗaya ne, ba su da batir, in babu inbata ko UPS suna mutuwa da ɗaukewar wuta kamar yayyensu.

Na ce wa yaron nan ya sayi irin waɗannan guda biyu, da allo mai inci 22 kowacce, ya sa ragowar kuɗin a batir da inbata da faifan sola ko da biyu ne, maimakon ya zuba su a na'ura mai tsada. Firinta mai tankin tawada za ta zauna a kan inbata lafiya, don ba ta cin wuta. Injin fotokwafi da firinta mai tona su jira wutar gari ko janareta. Ya ɗan ɓata rai, don ransa na kan laftof, ya ce, "Kawu, ai da ita zan riƙa tafiya gida da dare ina ƙarasa aiki." Na ce masa filash ma tana zuwa gida, kuma ranar da aka fizge jakar a hanya, shagon ne gaba ɗaya ya tafi. Filash ɗin ɗalibai kuma, da ke yawo daga kafe zuwa kafe suna kwaso bairos mai ɓoye fayil ya bar alamarsa kawai, wato shortcut, na ce ya ware musu kwamfuta ɗaya, ɗayar kada kowa ya soka mata komai.

Malama kuwa laftof na ce ta saya, ba tare da wani kokwanto ba. Aikinta awa biyu ne ko uku, yawanci da dare bayan yara sun kwanta, lokacin da ba a san ko akwai wuta ko babu ba, kuma tana buƙatar ta kai ta makaranta ranar haɗa sakamako. Sayen inbata saboda wannan ɗan aiki asara ce. Na rubuta mata a takarda abin da za ta nema: i5 zamani na takwas ko sama, RAM 8GB, SSD 256GB, allo mai 1920 da 1080, da maus na waje don Excel da ɗan faifan shafawa na laftof ba sa jituwa. Na ce maigidanta ya raka ta, su ga rahoton batir da idonsu, su buɗe Notepad su danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, su gwada kowace kafar USB da filash, su buɗe farin shafi su duba ko akwai tabo a allo. Sannan mai shago ya rubuta lambar na'urar a rasit, da adadin kwanakin gwajin da ya ba su, da hannunsa.